Ciyawar Asali Rigar Ƙasa Ce

 

Ya kai mai karatu, tun kana yaro aka miƙa maka fartanya, aka nuna maka ciyawa, aka ce ga abokiyar gabanka. Ba a yi maka ƙarya ba, gama harƙiya ko tofa in ta shiga tsakanin dawa, ba ta da magani sai noma. Amma ciyawa suna ta tara. Akwai wadda ke cinye abincin shukarka, akwai kuma wadda ta gina ƙasar da ka ke shuka a kai tun kakanninka ba su sari dajin ba, ita ce kuwa ke riƙe da abin da ya saura. A kan wannan ta biyu aka rubuta takardan nan. Abin da mu ke so ka yarda da shi shi ne, ciyawar asali mai daɗewa, irin su gamba, dukiyar gari ce wadda ta cancanci tsaro kamar rijiya da kasuwa. Domin kada ka ce faɗa ce kawai, za mu ba ka labarin waɗansu manoma na wata ƙasa mai nisa waɗanda suka raina tasu, da abin da ya same su.

FILIN DA A KE KIRA FIRERI

A tsakiyar Amurka ta Arewa akwai wani makeken fili wanda ya taso daga kudancin Kanada ya gangara har Teksas. Turawa suna ce da shi fireri, kalmar Faransanci ce, ma'anarta filin ciyawa. A zamanin da, mahayi ya kan yi kwana da kwanaki yana tafiya cikinsa bai ga itace ba sai a bakin kogi.

Filin ya rabu uku bisa ga yawan ruwan sama. Daga gabas, inda a kan sami inci 30 zuwa 40 a shekara, kamar abin da a ke samu daga ƙasar Kano zuwa Zazzau, ciyawar doguwa ce, ta kan shanye tsawon mutum. Babbarsu ita ce wadda mutanen can ke yi wa laƙabi da ƙafar talotalo, don kanta ya kan rabu uku kamar yatsun tsuntsun. Daga yamma kuwa, a gindin duwatsun Roki waɗanda ke tare hadari, ruwan bai fi inci 12 zuwa 20 ba, kamar na Damagaram. Can ciyawar gajera ce, ba ta wuce taƙi ba, ta shimfiɗu kamar tabarma. Sanannu a cikinta su ne ciyawar ɓauna da wata da a ke kira girama. Tsakanin biyun nan akwai inda doguwa da gajera suka cakuɗa.

Dukan waɗannan ba irin ciyawar da ke mutuwa ƙurmus kowace shekara ba ne, kamar ƙarangiya da kyasuwa. Ganyensu ya kan bushe, amma tushen yana nan da rai, shekara ta zagayo ya sake toho. Wannan shi ne asirinsu duka.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Wani malamin tsirrai na jami'ar Nebaraska, sunansa John Weaver, ya yi shekara wajen arba'in yana haƙa ramuka masu zurfi a gefen ciyayin nan, yana bin saiwarsu da tsinke yana zanawa a takarda. Shi da waɗanda suka biyo bayansa suka tabbatar da cewa abin da ke bisa ƙasa shi ne ƙarami. Wajen kashi biyu cikin uku na jikin ciyawar yana ƙarƙashi. Saiwar ƙafar talotalo ta kan nutse ƙafa shida zuwa goma. Ko gajerar nan ta yamma, wadda ba ta kai ƙwauri ba, saiwarta ta kan yi zurfin tsawon mutum.

To, mene ne aikin saiwan nan? Na fari, ta saƙa ƙasa kamar yadda masaƙi ke saƙa zare, har iska ba ta iya ɗaukarta, ruwa ba ya iya kwasarta. Turawan da suka fara zama can, da ba su sami itacen gini ba, sai suka riƙa yanka ƙasar da saiwarta kamar tubali suna gina ɗaki da ita. Na biyu, kowace shekara wani sashi na saiwar ya kan mutu ya ruɓe a cikin ƙasa, sabuwa ta maye gurbinta. Wannan taki ne wanda ba jaki ya kai shi ba, kuma a can ƙasa ya ke inda rana ba ta ƙona shi. Da haka, cikin shekaru dubbai, aka sami baƙar ƙasa mai zurfi wadda ba ta da na biyu a duniya sai kaɗan. Na uku, inda saiwa ta mutu ta kan bar ƴan kafofi, ruwan sama ya bi su ya nutse maimakon ya malale ya tafi rafi. Abin da ya nutse kuwa shi ne ke raya maɓuɓɓuga da rijiya da rani.

Ciyawan nan kuma ba ita kaɗai ta ke zaune ba. A tsakaninta akwai ɗaruruwan tsire-tsire masu fure, waɗansu dangin wake da gyaɗa ne, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Zuma da malam-buɗe-littafi suna cin furen, tsuntsaye suna ƙwai a gindin ciyawar suna cin fara da tsutsa. Bisa ga duka akwai ɓaunar ƙasar, mai tozo da gashi buzu-buzu, wadda a ke ƙiyasta yawanta ya kai miliyan 30. Garke ya kan sauka a wuri ya ci, ya zuba kashi, ya tashi, ba ya komowa sai wurin ya farfaɗo. Mutanen ƙasar na asali, irin su Lakota da Komanci, da ɓaunan nan su ke rayuwa, nama da fata da tanti duk daga gare ta. Kabilu da dama na filin su kan sa wa wani yanki wuta da gangan don sabon toho ya jawo garke. Wutar ba ta kashe ciyawar, don idon tohonta yana binne cikin ƙasa. Ƴan itatuwa masu neman mamaye filin su ta ke kashewa. Ka ga ke nan ciyawa da dabba da wuta da ɗan Adam kowa yana riƙe da igiyar ɗan'uwansa.

YADDA AKA TUƁE WA ƘASA RIGA

Da fari garmar Turawa ba ta iya da ƙasan nan ba, sai ta riƙa liƙewa a baki. A shekarar 1837 wani maƙeri, John Deere, ya ƙera garma da gogaggen baƙin ƙarfe mai santsi wadda ke yanka ta tana zubarwa. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka, kowa ya zauna a fili shekara biyar yana nomawa, eka 160 ta zama tasa. Aka kori mutanen asali daga ƙasarsu da ƙarfin bindiga, aka yi ta harbin ɓauna saboda fata, har a 1889 da aka ƙidaya, ba a sami abin da ya wuce kamar dubu ɗaya ba. Filin doguwar ciyawa, wanda a da ya kai eka miliyan 170, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Mafi yawan ragowar yana tuddan Kansas ne, inda dutse ya hana garma shiga.

Gabas tana da ruwa, saboda haka ɓarnar ba ta fito fili da wuri ba. A yamma ne asiri ya tonu. Lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 alkama ta yi tsada, bayansa kuma motar noma ta yawaita, aka kuwa dace da shekaru masu ruwa. Manoma suka kife gajerar ciyawa eka miliyoyi suka shuka alkama, kowa yana ganin ya tsinci dami a kala. Daga 1931 ruwa ya ɗauke. Alkama ta mutu a gona, ba ta bar saiwar da za ta riƙe kome ba, ƙasa ta zauna tsirara gaban iska.

A watan Mayu na 1934 iska ta kwashi ƙasar gonakin nan ta zuba a Shikago da Niyu Yok, har bisa jiragen ruwa a teku. Ran 14 ga Afrilu 1935 wata baƙar ƙura ta taso kamar bango a Kansas da Okalahoma da Teksas, rana ta koma dare, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Rairayi ya binne shinge da garma, shanu suka mutu da ƙasa a ciki, yara da tsofaffi suka kamu da ciwon huhu. Kafin 1940 mutum wajen miliyan biyu da rabi sun bar jihohin filin.

Ka lura da abu guda. Fari ba baƙo ba ne a ƙasan nan, ya sha zuwa tun kafin Turawa. Farin shekarun nan ya taɓa ciyawar asali ita ma, ta yi sharaf, ta ragu ƙwarai, inda shanu suka yi mata ƙarƙaf ma ƙasar ta tashi. Amma inda aka bar ta da ƙarfinta, tushen da ya tsira ya riƙe wurin, da ruwa ya komo wajen 1941 ta sake rufe fili a hankali. Fari na Allah ne, amma tsiraicin ƙasa aikin hannu ne.

GYARA YA FI ƁARNA WUYA

Cikin watan baƙar ƙuran nan, Afrilu 1935, majalisar Amurka ta kafa ma'aikatar tsaron ƙasar noma, aka ba Hugh Bennett shugabancinta. Aka koya wa manoma yin kunya a gicciye bisa gangare, aka dasa itatuwa fiye da miliyan 200 don tare iska, gwamnati ta saye gonakin da suka lalace ta mai da su ciyawa. Tun 1985 kuma tana biyan manomi kuɗi don ya bar gonar da ke zaizayewa a ƙarƙashin ciyawa shekara 10 zuwa 15. Dubi abin mamaki: abin da kakanni suka samu kyauta suka kife, jikoki ke saye da kuɗi.

Duk da haka ba a mai da shi yadda ya ke ba. Wajen 1936 jami'ar Wiskonsin ta fara gwada sake shuka fireri a wata tsohuwar gona, har yau ana kan renonsa. An gane cewa ciyawa ta kan tsaya cikin ƴan shekaru, amma baƙar ƙasa da dukan jama'ar tsirrai da ƙwari da ke cikinta ba su komowa a rayuwar mutum ɗaya. Wani lissafi da aka buga a 2019 ya nuna tsuntsayen filin ciyawa na Amurka ta Arewa sun ragu da fiye da rabi tun daga 1970.

INA RUWANMU?

Watakila ka ce, wannan labarin Amurka ne, ƙasar sanyi da ƙanƙara, ina ruwan mai gero da shi? To, ka sani masana tsirrai sun sa ƙafar talotalo da gambarmu a zuriya ɗaya, wadda su ke kira Andropogon. Ƴan'uwa ne na jini. Gamba ita ma tushenta ba ya mutuwa da rani, saiwarta tana saƙa ƙasa tana nutsewa neman laima, ita ce kan riga sauran ciyayi toho tun ruwa bai zauna ba, sa'ad da dabba ta fi bukata. Ba banza ba iyayenmu suka riƙa kafa ta a iyakar gona, su kan kuma ce saurar da gamba ta rufe ta huta, ta isa a koma mata. Bayan farin 1973 da na 1984, wurare da yawa na arewa inda a da a ke yankan gamba a bayan gari, sai ƙarangiya ta gaje su, waɗansu ma suka zama fako. Tambayi masu saƙar zana na garinku nisan da su ke tafiya yau, ka gwada da na zamanin iyayensu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Waɗansu ƙasashe sun san darajar abin da mu ke rainawa. Irin gamba da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi aka raba wa makiyayan Kolambiya da Birazil a 1980. Amma ga wani darasi: an kai gamba arewacin Ostireliya tun shekarun 1930 don kiwo, can kuwa ta fi ƙarfin ciyayin ƙasar, ta mamaye daji, wutarta ta riƙa cinye manyan itatuwa, har hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Ciyawa a ƙasarta magani ce, don ta saba da ruwan wurin da ƙwarinsa da dabbobinsa. A ƙasar wani tana iya zama annoba. Saboda haka ba mu ce ka nemo irin Amurka ba. Taka mu ke ce ka riƙe.

Za ka kuma ce, jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, ba a tuƙa tuwo da gamba. Gaskiyarka. Filin Amurkan nan ma masara da alkamarsa suna ciyad da mutane masu ɗimbin yawa, ba mai hankalin da zai ce a mai da shi duka ciyawa. Amma ji abin da malaman jami'ar jihar Ayowa suka gwada tun daga 2007. Suka ɗauki gonakin gangare, suka bar kashi ɗaya cikin goma na kowace gona a ƙarƙashin ciyawar asali, jeri-jeri a gicciye da kuma a gindin gangaren, sauran tara suka noma yadda aka saba. Ƙasar da ruwa ke kwashewa ta ragu da wajen kashi 95 cikin 100. Manomi ya saba da fid da ɗaya cikin goma, ya san ba ta rage dukiya. Wanda ya hana ƙasa wannan ɗan rabo, kwazazzabo zai karɓa da kansa, shi kuwa ba ya tsayawa a kashi ɗaya.

Sai dai kada a kwaikwayi kome ido rufe. Makiyayan Kansas suna ƙona filinsu a ƙarshen sanyi, ruwa na bisa hanya, cikin ƴan kwanaki toho ya rufe ƙasa. Mu kuwa in an sa wuta bayan kaka, ƙasa za ta kwana tsirara wata biyar ko shida, iskar hunturu na sheƙe ta, dabba ba abin ci, sa'an nan ruwan fari ya faɗo mata da ƙarfi. Wutar da ta zama gyara can, a nan sau da yawa ɓarna ce.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Ka mai da gamba iyakar gonarka. In gonar tana da gangare, ka kafa jeri a gicciye inda ruwa ke bi. Tsaga tsohon tushe a ke yi a dasa sa'ad da damina ta zauna.

2. In za ka yanka don zana ko jinka, ka bari sai ta zub da iri, ka kuma bar kamar taƙi guda bisa ƙasa. Kada ka tumɓuke tushe.

3. Bakin rafi, da gefen kwazazzabo, da gangare mai tsanani, kada garma ta taɓa su.

4. A raba makiyayar gari, kowace damina a hutad da wani yanki, kamar yadda garken ɓauna ke tashi ya bar wuri. Farkon damina ne ciyawa ta fi rauni, don da ajiyar saiwarta ta ke yin toho. In ana cinye shi yana fitowa, tushen zai mutu.

5. A hana sa wa daji wuta saboda gafiya da zomo. Naman kwana ɗaya bai kai abincin garke na wata biyar ba. Inda ƙuna ta zama dole, a yi ta da sanin mai gari, a share hanyar tare wuta, kada kuma a maimaita wuri ɗaya kowace shekara.

6. Ya kai dagaci, burtali da makiyaya amana ce a hannunka. Ran da ka bari aka nome su, ka rufe wa shanu hanya sai ta cikin gona, ka kuma san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi. Ka tara dattawa da arɗo da malamin gona, a zaga iyaka, a kafa alama, kowa ya shaida.

In har yanzu kana shakka, ga gwaji wanda ba ya cin ko kwabo. Ka haƙa rami kamu guda a gindin tsohuwar gamba, ka haƙa wani a tsakiyar gonar da aka daɗe ana nomawa ba hutu. Ka dubi launin ƙasar kowanne, ka murza ta a hannu, ka shinshina. Sa'an nan ka zuba ƙwaryar ruwa a gefen kowane rami, ka ga inda ya nutse da inda ya malale. Ka kira ƴaƴanka su gani, gama su za su gaji gonar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da gobara, ya sa mu bar wa na baya ƙasa da rigarta. Haza wasalam.